Abin da Teta ta Zuba a Tasa

Ku matso kusa, masu karatu, yau muryata ba ta da ƙarfi. Kwana ashirin da biyar ke nan ina cikin baƙaƙen kaya: baƙin siket, baƙar rigar sanyin Mama wadda hannunta ya fi nawa tsawo, har da baƙar safa. Mutanen ƙauyenmu sun san makokin Ammu Tanios nake yi, ƙanin babana. Gaskiyarsu. Abin da ba su sani ba shi ne rabin baƙin nan na mai rai ne, wanda ke tsare a can ƙasa cikin birni, kuma da hannuna a kai shi can.

Ga wanda yau ya fara bina, sunana Zalfa. Ina koyar da ƙananan yara a makarantar ƙauyenmu, a kan dutsen da ke kallon kwarin Biƙa'a. Ramiz shi ke tuƙa motar da ke kwaso yaran da safe ta mayar da su da rana. Shekara biyu muna tare. Dogo ne, kunnuwansa kamar hannun tukunya, kuma ba ya iya wuce kunkuru a kan titi sai ya tsaya ya tsallakar da shi, yara na ihu a baya. Aibinsa ɗaya ne a idon gidanmu: ba ya shan arak.

Mu kuwa gidan arak ne tun kakan kakana. Duk ƙarshen Oktoba in an gama tsinkar inabi, Baba da Ammu Tanios sukan kafa tukunyar jan ƙarfe a bayan gida, su yi kwana uku suna dafawa, giyar na ɗiga daga bututu fara ƙal kamar ruwan idon dutse. Ramiz kuma yana da shekara goma sha ɗaya ya ga yadda giya ta kumbura cikin mahaifinsa har ta kai shi ƙasa. Tun ranar ya rantse. Su Baba suka raɗa masa suna Abu Lemo. Ammu ya fi kowa tsokanarsa, in ya hango motar sai ya ɗaga murya ya ce a ɓoye nono kada Abu Lemo ya bugu. Amma shi ne dai ya matsa wa Baba a bar yaron ya zo ranar dafa arak, ya zauna cikin maza, a ga ko za a iya ba shi mata.

Asabar ce. Na sa koriyar rigata mai ƙananan maɓallai goma sha huɗu a baya, Mama ce ta ɓalla min su tana mita. Ƙarfe uku saura kwata ya turo min saƙon murya daga gidan man da ke gindin dutse. Yana nan a wayata, daƙiƙa goma sha ɗaya.

“Zalfa, na sayo alewar baƙalawa tire guda, ta cinye kujerar gaba. In babanki ya miƙo min kofi, in yi yaya?”

Na rubuta masa: “Ka riƙe a hannu ka yi ta dariya. Ba mai dubawa.”

Ya turo min hoton jaki sanye da hula.

Ammu Tanios shi ne mai ɗanɗano a gidanmu. Duk tulun da ya cika sai ya kurɓa ya ce a ci gaba ko a tsaya, kuma ranar tun ƙarfe bakwai na safe yake kurɓa. Wajen ƙarfe uku ya ɗauki kofi zai kai wa maƙwabcinmu na tsallaken titi ya ji na bana. Akwai wata kafa a katangar bayan gidanmu da ke fitar da mutum daidai kan kwanar titi. Ta nan ya fita, da baya-da-baya, yana ƙarasa wata magana da Baba.

Ban ga bugun da motar Ramiz ta yi masa ba. Ƙararsa na ji, ba ta ma da ƙarfi, kamar an sauke buhun gari daga kafaɗa. Da na isa, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne takalmin Ammu, ƙafa ɗaya, a zaune daram a kan katanga kamar shi ya cire ya ajiye zai hau gado. Kofin ma bai fashe ba. Na daɗe ina tunanin kofin nan, ban san me ya sa ba.

Ramiz na durƙushe yana kiran sunan Ammu. Maza suka taru suka ture shi gefe, wani ya fara zagi. Na kama hannun rigarsa na ja shi muka hau zuwa ƙofar gidanmu, na zaunar da shi a kan dakali. Haƙoransa na haɗuwa har ina jin ƙararsu. Farar rigar da ya goge don Baba duk ƙura.

Nan Teta Wadad ta fito, kakata ta wajen uba. Shekararta tamanin da takwas, idonta ya yi hazo, kuma babu wanda ya gaya mata wanda ke kwance a ƙasa. Ita dai ta ga ɗan mutane yana rawar jiki a ƙofarta. Ta juya ciki, ta dawo da tasar firgita.

Kusan kowane tsohon gida a wajenmu yana da irinta. Tamu ta tagulla ce, cikinta cike da rubutun da ko fadan cocinmu ba ya iya karantawa, ga ƙananan makullai a rataye a bakinta, arba'in ba biyu, ba wanda ya san ƙofar da suke buɗewa. Yaron da kare ya kora, matar da ta taka maciji, duk a cikinta ake ba su ruwa don tsoro ya fita kafin ya zauna a jini. Sai dai marigayi kakana ya bar mana tasa dokar: mata da yara ruwa, namiji arak, cikin tasa uku, kuma a shanye. Teta ta ɗebo daga tulun da ke ƙarƙashin bututu, wanda ba a sirka ba, da ɗuminsa.

Ramiz ya ji ƙamshin. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce a hankali, “Zalfa, kin san ba na...”

Na ce, “Sha. Yau ba ranar mayar da hannun Teta ba ce.”

Ga shi nan na faɗa muku. Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba sai lauya. Ni na ce ya sha, har na tallafe masa ƙasan tasar don hannunsa ba ya tsayawa. A raina cewa nake in Teta ta ji daga baya ko wane ne aka buge, aƙalla za ta tuna yaron ya girmama ta. Yana cikin ta biyu Baba ya hawo da gudu zai ɗauki bargo. Ya tsaya a ƙofa ya ga Teta tana zubawa daga tulun. Ya ɗauki bargonsa ya koma.

'Yan sanda ba su iso ba sai bayan fiye da awa guda. Na farkon da ya sunkuya kan Ramiz ya ja da baya yana fifita hanci. Suka kai shi asibiti, aka ɗibi jininsa ƙarfe shida ta wuce. Ammu Tanios ya cika ranar Laraba ba tare da ya buɗe ido ba. Sakamakon jinin ya fito Alhamis, ya ninka abin da doka ta yarda da shi sau uku. Ƙauye ya ɗauka: ashe Abu Lemo a ɓoye yake sha, irinsu sun fi kowa.

Talatar da ta wuce na ce wa Mama zan je birni sayen alli da takardun yara. Na tafi wajen lauyar da mahaifiyar Ramiz ta samo, Ustaza Nuhad. Ofishinta a hawa na huɗu, na taka da ƙafa don babu wuta. Mace ce gajera, ta haura sittin, ta rina gashinta launin gauta, tana sanye da kwat ɗin maza da silifas ɗin wanka. A bayanta akwai babban akwatin gilashi irin na kiwon kifi, amma takardun shari'a ne cike a ciki. Ta ga ina kallo ta ce kifayen sun mutu shekarar da wuta ta fara tafiya, su kuwa takardu ba sa buƙatar iska.

“Ke ce ta Abu Lemo?”

Na ce ni ce, Ustaza.

“Zauna. Kada ki yi min kuka a kan kujerar nan, ba ta bushewa.”

Na ba ta labari tun daga tasa har zuwa bargo. Ta saurara tana shan sigari, ba ta rubuta komai ba. Da na gama ta ce ta yarda da ni, amma yardarta ba ta buɗe ƙofa. Ta ce jini ba shi da agogo. Yana iya faɗin nawa mutum ya sha, ba ya faɗin ko kafin haɗarin ya sha ko bayansa. Da asibiti sun ɗiba sau biyu, da tazarar awa guda, da likita zai duba ko giyar hawa take yi ko sauka, daga nan a yi lissafin baya. Sau ɗaya suka ɗiba.

Na ce na ji akwai kwalba ta biyu ta jinin da ake ajiyewa don a sake gwadawa.

Ta ce akwai, ta je da kanta ta gan ta. Tana cikin wani firji a ɗakin da janareta bai kai ba, yana sanyi awa huɗu ya huta ashirin. Ta ɗora hannu a jikin firjin ta ji shi da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.

“Ke 'yar gidan arak ce,” in ji ta. “Kin fi ni sanin abin da zafi ke yi wa ruwa mai zaƙi a rufaffiyar kwalba. In na nemi a sake gwaji, ba mamaki ya fito ya fi na farko. Sai in ce ya lalace, su ce to a koma na farko. Mun zagaya mun dawo.”

Ta ce akwai kuma zancen audugar da aka goge masa hannu kafin a soka allura. In da sifirit aka jiƙa ta, lauya na iya tayar da ƙura a kai. Ta duba takardar, gurbin babu komai, ma'aikaciyar jinyar kuma ta ce mutum arba'in take sokawa a rana, ba ta tuna hannun kowa. Ko da ta tuna, auduga ba ta ninka doka sau uku. Ta murƙushe sigarin ta ce mu daina yaudarar kanmu. Ba ma musun ya sha. Yaushe ya sha, shari'ar ke nan gaba ɗaya.

Na ciro waya na kunna mata saƙonsa na uku saura kwata, na ce ta ji muryar nan, wannan muryar mai maye ce? Ta ji sau biyu. Ta yi dariya a kan baƙalawar, ta tambayi wa ya cinye ta. Sannan ta ce alƙalin bincike ya sha jin bugaggu suna magana tsaf kamar bishop ranar Ista.

Saura shaidu. Ta ƙirga mu da yatsu: tsohuwa, uba, budurwa. Ta ce ni alƙali zai saurare ni da ladabi, ya tambaye ni yaushe ne bikin, ya rubuta rabin abin da na faɗa. Daga nan ta buɗe akwatin kifin ta zaro wata takarda ta tura min. Bayanin Ramiz ne na ranar farko a ofishin 'yan sanda, da sa hannunsa a ƙasa, irin sa hannun nan nasa mai kama da ƙugiya. An tambaye shi ko wani ya ba shi wani abu ya sha bayan haɗarin. Ya ce a'a.

Na karanta sau uku. Ustaza ta ce shekara talatin da biyar tana wannan aiki, ta ga masu ƙarya don su fita, wannan ne na farko da ya yi ƙarya don ya shiga.

Ranar Alhamis na je ganinsa. Na kai masa gurasa, zaitun, da labne, kindirmon nan mai kauri, a roba, mai gadi ya caccaka labnen da cokali kafin ya wuce da shi. Raga biyu ce tsakaninmu, kowa na ɗaga murya don a ji shi, wata mata kusa da ni tana karanta wa mijinta sakamakon jarrabawar ɗansu. Ramiz ya tara gemu. Kunnuwan nan sun ƙara fitowa don fuskar ta rame. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ke ɗauko tagwayen can ƙarshen ƙauye, don sabon direba ba zai san sai an yi musu oda sau biyu ba.

Na ce ya bar zancen tagwaye. Me ya sa ya ce a'a?

“Ɗan kakarki na kwance a asibiti ta dalilina. In buɗe baki in ce wa ɗan sanda tsohuwar ce ta ɗura min giya? Su zo su sa ta a mota?”

“To yanzu fa?”

“Yanzu zan faɗa. Ustaza ta ce in ban faɗa ba za ta shigo nan ta mare ni. Amma wa ke yarda da mai magana biyu?”

Ya sa yatsa cikin ragar. Sai ya ce akwai abin da ke damunsa fiye da shari'ar. Ya ce shekara ashirin yana zaton in abin ya taɓa harshensa zai amayar. Bai amayar ba. Rawar jikin ta tsaya, duniya ta yi laushi, har ya ji da za a ƙara masa ta huɗu. Ya ce yanzu ya gane mahaifinsa, kuma bai so ya gane shi ba.

Na ce masa kyanwarsu ta haihu, mahaifiyarsa ta ce huɗu ne. Da mai gadi ya fara buga ƙarfe, Ramiz ya matso ya ce kada in zo gaban alƙali ranar Litinin da za a ji shaidu. Ya ce shi ya riga ya rasa mota da suna, kada ni ma in rasa gida a kan maganar da ba za ta fitar da shi ba.

A gida kuwa ba wanda ya taɓa ambaton tasar. Mama ta wanke ta tun daren farko, ta naɗe cikin tawul ta kai saman kabad. Amma ta san inda nake zuwa, don alli ba ya ɗaukar yini guda. Tana yanka ganyen faski ta yi min maganar, ba ta kalle ni ba. Ta ce in yaron bai sha ba kafin haɗarin, to laifin na wa? Na mamaci ke nan, wanda ya fita titi da baya da kofi a hannu. Matarsa na zaune a falonmu kullum tana karɓar gaisuwa, 'ya'yansa mata uku ba wadda aka aurar, addu'ar arba'in saura mako biyu. In tashi a gaban alƙali in ce ubansu a buge ya mutu, kakarsu kuma ita ta shayar da wanda ya kashe shi? Ta ce bakina nawa ne, amma in sani in na faɗa ba gidan da zan shiga a ƙauyen nan a ba ni gahawa.

Na ce Mama, amma gaskiya ce. Ta ce ita ba ta wurin, tana ƙasa riƙe da kan Tanios.

Jiya Asabar da hantsi na sami Teta ita kaɗai a tsakar gida, tana tsince tsakuwa daga tiren adas, ƙananan waken nan namu, rana na dukan bayanta. Tun da aka binne Ammu take sa a ajiye masa faranti. Na zauna kusa da ita, na kunna wayar tana ɗauka, na kife ta a cinyata. Na ce Teta, kin tuna ranar dafa arak, da kika fito da tasa?

“Na tuna mana. Kin ɗauka na rikice?”

“Me kika zuba a ciki?”

“Arak. Namiji ne ai. Sau uku, ya shanye tas, yaron kirki.”

Wallahi masu karatu, murna ta kama ni. Na ce a raina shi ke nan, Ramiz ya fito. Na ce, “Wa kika ba, Teta?”

Ta ɗago da idon nan mai hazo tana murmushi.

“Tanios ɗina. Karen gonar fada ne ya biyo shi, ya zo yana ta rawar jiki. Kullum ina gaya masa ya daina bi ta can.”

“Ba Ramiz ba?”

“Wane ne Ramiz?”

Ta koma kan tirenta. Ta tsinto wata tsakuwa fara, ta juya ta a rana, ta ba ni ta ce in ajiye, irin wannan ba a yar da ita.

Na tura wa Ustaza abin da na ɗauka duk da haka. Ta ji nan take, na ga alamar ta yi shuɗi. Sai ta rubuto: “Goge shi. In ya shiga hannunsu sun sami hujjar cewa tsohuwar ba ta san kowa ba.” Wani ya biyo: “Litinin ƙarfe tara, hawa na biyu. Ki zo da katin shaidarki.” Wani kuma: “Ki karya kafin ki fito. Masu suma ba sa burge alƙali.”

Yau Lahadi. Mun dawo daga coci, an ci shinkafa da kaza. Da aka tashi Baba ya zaga bayan gida. Tun ranar ba a kwance tukunyar jan ƙarfen ba, tana nan a kan duwatsunta, toka ta kwanta a ƙarƙashi, gizo-gizo ya yi saƙa daga bututu zuwa bakin tulu. Na same shi ya naɗe hannun baƙar rigarsa yana goge ta da lemon tsami da gishiri. Na tsaya a bayansa har sai da ya gaji da yin kamar bai san ina nan ba.

Na ce, “Baba, gobe zan je wajen alƙali.”

Bai juyo ba. Ya ce ya sani, mahaifiyar yaron ta gaya wa matar mai gurasa, matar mai gurasa ta gaya wa duniya.

“Ka gani, Baba. Kana tsaye a ƙofa.”

“Na gani. Ta biyu da ta uku.”

Ban yi zaton zai amsa ba. Na shirya kuka da roƙo da rantsuwa, sai ga shi ya ba ni a sauƙaƙe, na rasa inda zan sa hannuna. Na ce to ya faɗa mana. Maganarsa ɗaya ta fi tawa goma. Shekararsa sittin da biyu, ana kiransa raba gardamar iyakar gona har ƙauyuka uku saboda ba a taɓa jin ya karkata ba. In ɗan'uwan mamaci da kansa ya ce yaron bayan haɗari ya sha, wane alƙali ne zai ƙi?

Ya ajiye ɓawon lemon. Ya zauna a kan dutsen murhu, ya kalli kafar nan ta katanga. An toshe ta da ƙaya yanzu.

Ya ce ni ban san abin da suke faɗa ba lokacin da Tanios ke fita. Ya ce shi ya cika kofin, shi ya ce a kai wa maƙwabci. Tanios ya ce ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, a bari sai anjima. Baba ya yi masa dariya, ya ce ashe Abu Lemo biyu za a yi a gidan nan. Amsar wannan tsokanar Tanios ke mayarwa da ya juya wa titi baya.

“In yaron nan bai sha ba, 'yata, to ni na kashe ƙanina. Kin gane? Ina tashi da safe ne don akwai wani a tsare.”

Na durƙusa a gabansa cikin tokar. Na ce Baba, ba wanda ya kashe kowa, ƙaddara ce, amma Ramiz shekaru zai yi a kurkuku. Ya sa hannu ya gyara min gashin da ya zubo a goshina, hannun na warin lemo da ƙarfe. Ya ce ya sani. Ya ce yaron ba shi da laifi, kuma da abin bai faru ba da ya ba shi ni a ranar, ya riga ya gaya wa Mama tun da safe.

Sannan ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun rigarsa. Sammaci ne irin wanda aka aiko min, tambari ɗaya. Shi ma an kira shi, Litinin ƙarfe tara, hawa na biyu.

Na ce, “Me za ka ce musu?”

“Ruwa ne a tasar.”

“Za su sa ka ɗora hannu a kan Linjila, Baba.”

“Na sani.”

Ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya ɗauki wani ɓarin lemon ya tsoma a gishiri. Na tsaya ina jiran ya ce kada in je, ko ya ce in na je kada in dawo. Da ya faɗi haka da na san yadda zan yi da shi.

“Ki shirya da wuri,” in ji shi, yana goge tukunyar. “Bakwai da rabi za mu fita. Mota ɗaya za mu shiga. Ba zan bar 'yata ta tsaya bakin titi tana jiran tasi ba.”